Iya Ruwa Fid Da Kai

Mu mutanen birnin Katsina ba mutanen ruwa ba ne. Ba mu da babban kogi kamar mutanen Yawuri ko na Lakwaja, ba mu tashi muna ganin jirage suna kai da kawowa a bayan gida ba. Ruwan da mu ka sani shi ne na rijiya, da na famfo, da na kududdufan da a ka bari sa'ad da a ka haƙi ƙasa domin ginin gidaje da ganuwa. Yawancinmu mun girma har mun yi iyali ba mu taɓa riƙe filafili ba. Da yawa a cikinmu kuwa, in ruwa ya wuce ƙirji, to, sai yadda Allah ya yi.

Amma ƙasar da 'ya'yanmu su ke tashi a ciki ba irin wadda mu ka tashi a ciki ba ce. An yi manyan madatsun ruwa kewaye da mu. Akwai dam na Ajiwa, wanda ya ke shayar da birni tun shekarun 1970. Akwai na Zobe kusa da Dutsin-Ma, wanda a ka gama a 1983 a kan gulbin Karaduwa. Akwai na Jibiya, da na Sabke can wajen Daura. Duk inda a ka tare ruwa kuwa, kifi ya kan yawaita, masunta su biyo shi, kwale-kwale ya biyo masunta. Kafin a jima sai ka ga ana fito, ana ƙetarar da mutane zuwa kasuwa da gona da gidan biki. Yaron da ya tafi hutu ƙauyen kakanninsa yana iya shiga kwale-kwale uwarsa ba ta sani ba. Wanda ya gama karatu kuma, ana iya tura shi bautar ƙasa inda babu hanya sai ta ruwa.

Domin haka, sa'ad da wani malamin makarantar yaranmu ya kawo shawara a kai yara su koyi tuƙin kwale-kwale lokacin hutu, ba mu ɗauki maganar da wasa ba. Ya ce ya san wani dattijo, Basarke, wanda ya zo daga wajen Yawuri da daɗewa yana su a bakin wani dam, ya kuwa yarda ya koya wa yara. Mu gida shida ne mu ka zauna a kan zancen, maza da mata, har sau uku kafin mu tsai da shawara. Abin da mu ka koya a wannan zama, da abin da ya biyo baya, shi mu ke so mu ba masu karatu, ko zai yi wa wani gida amfani.

Tsoro mai dalili

A zama na fari iyaye mata su ka ce sam. Wata a cikinmu ta ce, "Malam, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ni da na ke hana su zuwa kududdufin bayan gida, ni ce kuma zan kai su dam da hannuna?" Ba wanda ya ga laifinta, gama dukanmu mun ji labarai.

Ran 30 ga Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a dam na Watari, a Bagwai ta Jihar Kano. Mutum aƙalla 29 su ka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta masu tafiya taron Mauludi. A watan Mayu 2022, cikin hidimar ƙaramar Salla, wani ya kife a ƙasar Mai'aduwa, nan cikin jiharmu, a ka rasa mutum aƙalla 15, yawancinsu yara. A watan Mayu 2023 kuma yara 15 su ka nutse a ƙasar Shagari ta Jihar Sakkwato, suna ƙetarewa za su ɗebo itacen girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021 kaɗai, kusan ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne da ba su kai shekara 5 ba.

Da mu ka natsu mu ka dubi waɗannan labarai, sai mu ka lura da abu guda. Babu ko ɗaya cikin yaran nan da ya je koyon tuƙi. Sun fito ne kan hidimar yau da kullum, wasu biki, wasu aike. Akwai masu cewa 'yan ruwa ne su ka ɗauke su. Amma abin da a kan tarar bayan irin wannan hatsari ba ɓoyayye ba ne: jirgi ya ɗauki fiye da ƙarfinsa, babu rigar ruwa, yawancin waɗanda ke ciki kuma ba su iya iyo ba.

Wani maigida a cikinmu ya ƙara da wata magana da ta sa kowa ya yi tsit. Ya ce yaron da a ka hana zuwa kududdufi da bulala ya kan je a ɓoye. In abokinsa ya fara nutsewa, maimakon ya yi kururuwa manya su zo, sai ya ruga gida ya yi shiru domin tsoron dūka. Ashe hani kaɗai ba ya tsare yaro. A nan ne mu ka yarda a koya musu, amma da sharaɗi: ba yaron da zai taka jirgi sai an shirya shi, an kuma shirya iyayensa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shirin yaro

Da mu ka je gaishe da dattijon, magana ta fari da ya yi mana ita ce, "Iya ruwa fid da kai. Yaron da bai iya fid da kansa ba, ba na ba shi filafili." Ya kafa sanduna a wuri marar zurfi, inda ruwa bai wuce cibiyar ƙaramin cikinsu ba. Makonni biyu na fari a nan su ka ƙare. Ya fara koya musu sa fuska cikin ruwa da busa numfashi, sa'an nan kwanciya rigingine a bisa ruwa, jiki a sake. Ya ce wannan ya fi gudun iyo muhimmanci, gama wanda ya iya kwanciya bisa ruwa yana iya jira har taimako ya zo. Malamin makaranta ya gaya mana a Ingila ma haka a ke yi: ƙungiyoyin tuƙi su kan so sabon shiga ya iya iyon mita 50 da tufafi a jikinsa, ya kuma iya tsai da kansa bisa ruwa har minti 2.

Sauran shirin a tsakar gida mu ka yi shi. Mu ka ajiye dogon benci ya zama jirgi, sandar tsintsiya ta zama filafili. Yara su ka koyi shiga ɗaya bayan ɗaya, a sunkuye, hannu biyu riƙe da gefe, ƙafa a tsakiya. Su ka koyi cewa ba a miƙewa tsaye cikin kwale-kwale, ba a sake wurin zama, in kuwa ya karkata ba a ruguwa gefe guda gaba ɗaya. Maƙwabta su ka yi ta leƙe suna dariya, yaran ma haka. Amma abin da jiki ya saba da shi cikin wasa, shi ya kan yi ranar firgita.

Mu ka maimaita musu abu biyu har su ka haddace. Na fari, in jirgi ya kife, a riƙe shi, kada a bar shi a nufi gaɓa. Jirgin katako yawanci ba ya nutsewa sarai, masu ceto kuma sun fi saurin hango jirgi da kan yaro, gaɓa kuwa ta kan fi yadda ido ya gan ta nisa. Na biyu, in ka ga wani yana nutsewa, kada ka faɗa ruwa ka bi shi, domin mai nutsewa ya kan ƙanƙame wanda ya zo cetonsa su tafi tare. Ka yi kururuwa, ka miƙa masa gora ko doguwar sanda kana kwance a ƙasa, ko ka jefa masa igiya ko jarka marar komai wadda a ka ɗaure bakinta.

Ba mu bar 'yan mata a baya ba. Su ne a kan aika ɗiban ruwa da wanki da itace, su ne kuma a ka fi hana koyon iyo. Mu ka shirya musu ranarsu dabam, iyaye mata suna wurin. Zane da doguwar riga da mayafi su kan jiƙe su yi nauyi, su naɗe ƙafa, saboda haka a ka ɗinka musu wando mai kaiwa idon sawu da riga marar yalwa.

Shirin iyaye

Namu shirin ya fi na yara wuya. Da fari sai da mu ka koyi yin tambaya ba kunya. Yara nawa ne za su shiga a lokaci guda? Manya nawa ne a wurin da su ka iya ruwa? Akwai wani jirgi a kusa in abu ya faru? Ina asibiti mafi kusa, da wace mota za a kai yaro? Mu ka juya jirgin da kanmu mu ka duba ko yana yoyo. Dattijon bai ji haushi ba. Ya ce wanda ya ji haushin irin wannan tambaya, kada ku ba shi ɗanku.

Sai rigar ruwa, watau rigar da ke hana mutum nutsewa. Tana da tsada ga gida ɗaya, sai mu ka yi karo-karo mu ka sayi shida, yara suna shiga kashi-kashi. Gwajinta ba wuya: a ɗaure wa yaro ita sosai, a kama kafaɗun rigar a ɗaga sama. In ta zame ta kai kunnuwansa, ta yi masa yawa, cikin ruwa za ta tuɓe. Wanda ya iya iyo ma sai ya sa, gama wanda jirgi ya buga wa kai ba ya iyo.

Akwai maganar lafiya. Gidan da ke da yaro mai farfaɗiya, ko asma, ko ciwon sikila, lalle su tambayi likita tukuna, su kuma gaya wa mai koyarwa a fili. Ɓoye irin wannan domin kunya yana iya jawo asarar rai. Har wa yau ruwan dam da na kududdufi su kan ɗauki tsargiya. Ƙananan tsutsotsi ne da ke fitowa daga katantanwar ruwa su shiga ta fata, daga baya yaro ya soma fitsarin jini. Wasu su kan ce alamar balaga ce ga namiji. Ba haka ba ne, cuta ce, in an bar ta kuma tana ɓata mafitsara. Maganinta ƙwaya ne, ana samunsa a asibiti, ana bayarwa bisa ga nauyin yaro ko tsawonsa. Mu ka yi alkawari duk yaron da ya shiga ruwa za a kai fitsarinsa gwaji bayan 'yan watanni.

Lokaci ma abin dubawa ne. Da damina hadari ya kan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, cikin ɗan lokaci ruwan da ke kwance ya soma tumbatsa. In an ga gabas ta yi baƙi, ko an ji tsawa, kowa ya fito. Da hunturu kuma ruwan safe yana da sanyi ƙwarai, gara a jira rana ta ɗaga. Ga kuma hanya. A shekarun nan wasu hanyoyin yammacin jiharmu sun sha fama da 'yan bindiga, saboda haka ba mu taɓa tashi ba sai mun tambayi mutanen wurin, muna komowa gida kuma tun kafin la'asar.

Aiki na ƙarshe shi ne tsaro. Kowace rana mutum ɗaya cikin iyaye ya kan zauna a bakin ruwa, ba ya taɗi, ba ya duba waya, aikinsa ƙirga kawuna kawai. Mutane suna tsammani mai nutsewa ya kan yi ihu yana ɗaga hannu. Sau da yawa ba ya iya ko ɗaya. Bakinsa yana shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin kira, abin kuwa ba ya ɗaukar lokaci. Dattijon ya roƙe mu abu guda kuma: kada mu riƙa yi wa yara tsawa daga gaɓa. Ya ce murya ɗaya a ke bi cikin jirgi, tsoron uwa kuma ya kan shiga jikin ɗanta tun kafin ruwa ya taɓa shi.

Darasi mafi wuya

Akwai darasi guda wanda dattijon ba zai iya koyarwa ba, sai mu. Mun yi wa 'ya'yanmu tarbiyya kada su yi musu da babba, wannan kuwa abu ne mai kyau. Amma a mashigi, in mai fito ya ce, "Kai yaro, matsa ka shiga, akwai wuri," yaro mai ladabi ya kan shiga ko da zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ladabin da mu ka koya masa yana iya zama abin da zai sa shi cikin jirgin da ya cika fiye da kima.

Sai mu ka ba yaranmu izini a fili, uba da uwa suna zaune tare, cewa akwai wurin da za su ƙi. Mu ka nuna musu alamu. In tsakanin bakin jirgi da ruwa bai kai taƙi guda na babban mutum ba, kada su shiga. In ana ta kwarfe ruwa daga ciki tun ba a tashi ba, kada su shiga. In an ɗora babur da buhuna da dabbobi tare da mutane, ko rana ta faɗi, ko hadari ya haɗu, kada su shiga. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai hedkwata a Lakwaja, ita ma ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowane fasinja ya sa rigar ruwa. Watau yaron da ya ƙi yana kan doka.

Mu ka koya musu yadda za su faɗa ba da raini ba: "Baba, ku yi haƙuri, a gida an ce kada in shiga in ya cika haka. Zan jira na baya." Mu ka sa su maimaita a kan bencin nan, ɗaya cikinmu yana zama mai fito yana matsa musu, har yana yi musu ba'a wai matsorata ne. Mu kuma mu ka ɗauki alkawari biyu. Yaron da ya makara domin ya ƙi shiga jirgi, ba mai dūkansa, ba mai yi masa faɗa. Yaron da ya zo da gudu ya faɗi cewa wani ya faɗa ruwa, ba za a tambaye shi abin da ya kai shi wurin ba sai an gama ceto. In ba a cika waɗannan alkawarai ba, duk sauran koyarwa banza ce.

Abin da yara su ka samu

Ran da su ka fara riƙe filafili, jirgin ya yi ta juyawa wuri ɗaya kamar ɗan akuyar da a ka ɗaure a turke, domin kowa yana tuƙi gefe guda da iyakar ƙarfinsa. Dattijon ya bar su har su ka gaji. Sa'an nan ya nuna musu cewa na gaba shi ke ba da lokaci, na baya shi ke riƙe da hanya, jirgi kuma ba ya miƙewa sai sun saurari juna. Tafin hannu ya yi bororo, kafaɗa ta yi tsami, akwai wanda ya yi kuka ya ce ba zai koma ba. Ba mu tilasta masa ba. Ya zauna a gaɓa yana kallo kwana biyu, a rana ta uku da kansa ya ɗauki rigarsa.

Yanzu suna tambayar abubuwan da ba su taɓa tambaya ba. Mun ba su labarin bikin kamun kifi na Argungu, wanda a ka soma a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. A can ana tseren kwale-kwale da gasar iyo a gulbin Matan Fada. Malaminsu ya bayyana musu cewa akwai wani irin tuƙi dabam na wasannin Olamfik. A cikinsa matuƙi ya kan ba inda za shi baya, filafilinsa dogo ne a maƙale a gefen jirgi, kujerarsa tana zamewa gaba da baya, yawancin ƙarfin kuwa daga ƙafa ya ke fitowa. Tsawon tseren mita 2,000 ne. A wasannin Landan na 2012, Hamadou Djibo Issaka na Jamhuriyar Nijar ya shiga bayan koyo na wajen wata uku kawai. Shi ya zo na ƙarshe, amma jama'a su ka yi ta yi masa tafi har ya kai. A 2016, a birnin Riyo na Barazil, Chierika Ukogu ta zama ta fari da ta yi wa Nijeriya wannan tuƙi a Olamfik. 'Yan matanmu sun ji daɗin jin cewa mace ce.

Ko wani cikin yaranmu zai kai can, wannan sai Allah. Mu abin da mu ka nema ƙarami ne: in wata rana sun iske kansu a mashigi ba ma nan, su san jirgin da za su shiga da wanda za su bari ya wuce.

Ya ku iyaye 'yan'uwanmu, ba kowane gida ne zai sami dattijo irin namu ba, ba kowa ne kuma ke kusa da dam ba. Amma benci da sanda da jarka suna nan a kowane gida, izinin ƙi kuma ba a sayensa da kuɗi. A 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yuli ta zama ranar tunawa da rigakafin nutsewa a ruwa. A wurinmu ranar ta kan faɗo tsakiyar damina, lokacin da kududdufan birni su ke cika, yara kuma suna shirin hutu. Kafin ta zo, ku tara yaranku da na maƙwabta a tsakar gida da yamma, ku tambaye su inda su ke zuwa wanka, ku saurara ba da bulala a hannu ba, sa'an nan ku fara koya musu. Allah ya tsare mana su.